Amfilifaya mai layi nawa zan ƙara wa risibata? Ina neman shawara

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Da fatan kowa ya wuni lafiya. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi, don abin ba na wasa ba ne.

Ina da risiba, wato na'urar da ke karɓar sautin fim ta raba wa sifiku, mai layi tara a falona a Gwarinpa, shekara uku ke nan ina amfani da ita. A takardarta an rubuta wat 105 kowane layi. Yanzu duk layukan a cike suke: dogayen sifiku biyu a gaba, ta tsakiya, biyu a gefe, huɗu a silin, sai wufa ɗaya (sifikar sauti mai kauri) mai wutar kanta. Burina in ƙara biyu a bayan kujera, tsarin ya zama 7.1.4, wato sifiku bakwai a ƙasa, wufa ɗaya, huɗu a silin.

Abu biyu ke damuna. In fim ya kai wurin faɗa ko fashewar wani abu, sautin yakan yi kaushi har ya soki kunne, maganar 'yan wasa kuma ta nutse a cikin hayaniyar. Na biyu zafi ne. A watan Maris sau biyu tana kashe kanta ana tsakiyar kallo, na ɗora hannu a kanta na kasa barinsa.

Wani abokina ya ce maganin abin shi ne amfilifaya mai layi bakwai, wat 200 kowanne, kuma akwai wanda zai taho daga Amurka ƙarshen wata da zai iya riƙo min. Me kuka gani?

Nura Lugbe:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ban ga dalilin jiran Amurka ba. Ka sa a aiko maka irin amfilifayar masu kiɗan biki daga Alaba, ko ka leƙa Banex ka tambaya. Akwai masu wat 5000, kuma kuɗinsu bai kai rabin na waccan ba.

Malam Iliya mai gyara, Jos:
Nura ƙanena, ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan 5000 da ake mannawa a kwali yawanci za ka ga an bi ta da haruffan PMPO, lamba ce ta talla. Soket ɗin bangonka gaba ɗaya, da fiyus mai amp 13 a wuta mai bolt 230, abin da zai iya bayarwa wajen wat 3000 ne. Akwai amfilifayoyin fili na ƙwarai, ban raina su ba, ina gyara su kullum. Sai dai kusan dukansu suna da fanka a ciki. A filin biki ba wanda zai ji ta, amma a falo ƙarfe goma na dare, fim ya yi shiru ana raɗa, kukan fankar nan ne zai cika maka kunne.

Injiniya Bashir:
Abban Hanifa, kafin a yi maganar saye ka taimaka mana da abu huɗu. Hoton bayan risibar, yadda rubutun zai fito. Abin da aka rubuta a bayan dogayen sifikun. Nisan kujerarka da su. Da lambar ƙarfin murya da ke fitowa a fuskar risibar in kana kallo. In babu ramukan da aka rubuta wa PRE OUT na gaba da tsakiya da sauran, to maganar ta ƙare tun a nan, don ƙananan risibobi da yawa na wufa kaɗai ake sa musu, ba inda za a jona amfilifaya.

Abban Hanifa:
Na tura hotunan, Injiniya. Sifikun gaba an rubuta om 4 (awon turjiyarsu ga wuta), desibel 88 (awon ƙarar sauti). Na auna da tef ɗin tela na uwargida, daga kujera zuwa sifika mita 4 ne ba kaɗan. In da iyali muke kallo lambar takan tsaya wajen -20. Ranar Asabar in abokai sun zo nakan kai -10. Falon tayil ne, silin na POP, da babbar tagar gilashi a hannun hagu. Risibar tana cikin kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi, saboda yara.

Injiniya Bashir:
Madalla. Labari mai daɗi tukuna: akwai PRE OUT goma sha ɗaya. Wato ƙwaƙwalwarta tana iya sarrafa layi goma sha ɗaya, amma ƙarfin tura tara kaɗai aka gina mata. Tsarin 7.1.4 sifiku goma sha ɗaya ne ban da wufa, saboda haka dole ka ƙara amfilifaya. Amma giɓin da ke gabanka layi biyu ne, ba bakwai ba.

Yanzu bari mu yi lissafin wat, don a nan ake yawan ɓatar da kuɗi. Sifikarka tana ba da desibel 88 a nisan mita 1. Duk sanda nisa ya ninka, a fili ake asarar desibel 6, don haka a mita 4 an rasa 12, saura 76. Bangon ɗaki yana maido da wani abu, mu ce kana samun 80 a kujera. Ana yin wannan awon ne da bolt 2.83, wanda a sifika mai om 8 wat 1 ne, amma a taka mai om 4 wat 2 ne. To ka riƙe: wat 2 na ba ka desibel 80.

Ka'idar ita ce ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, ninkawa sau goma kuma desibel 10. Masu haɗa sautin fim suna aiki ne da ma'aunin da ƙololuwar ƙarar kowane layi ke kai 105, ta wufa 115. In an saita risiba da makirfonta, lambar 0 ita ce wannan matakin. Kai a -20 ƙololuwarka 85 ce, wat 6 ko 7 sun ishe ka. A -10 ƙololuwa 95 ce, kana buƙatar wat 60 da ɗoriya na ɗan lokaci. Sai ka kai -5 ne buƙatar za ta kai wat 200.

Daga wat 105 zuwa 200 bambancin bai cika desibel 3 ba. Kunne sai an ƙara kusan 10 yake cewa ƙara ta ninka.

Abin da nake zargi kan kaushin nan shi ne falon. Tayil a ƙasa, POP a sama, gilashi a gefe, sauti na ta dukan bango yana dawowa. Amfilifaya mai ƙarfi ƙara masa za ta yi.

Alhaji Ɗanlami:
Injiniya, na karanta lissafinka har ƙarshe, kuma ban ce ka yi kuskure a lamba ba. Amma ni na fara tara kayan sauti tun zamanin faifan garmaho da kaset, kunnena ya ji abin da takarda ba ta faɗa. Ranar da na jona mai layi bakwai a falona na Asokoro, mutum biyu ne suka ɗauko ta daga mota, nauyinta ya haura kilo 40. Da muka kunna, ganga ta zauna daram, ba ta rawa. Sauti ya saki jiki. Ba wai ƙara ta ƙaru ba, natsuwa ce ta zo.

Kuma ku dubi hoton da ya turo. Kusa da wayar wuta an rubuta wat 660. Tara sau 105 nawa ne? 945. Ta yaya abin da ke shan 660 zai ba da 945? Ka karanta takardar da kyau, Abban Hanifa, za ka ga wannan 105 ɗin an auna ta ne layi biyu kaɗai na aiki. Taransifoma ɗaya ce a ciki, duk layukan daga tukunya ɗaya suke ɗiba. Amfilifayar ƙwarai kuwa za ta rubuta maka ƙarfinta duk layuka na aiki lokaci guda. Wannan ita ce lambar da ake dubawa.

Injiniya Bashir:
Ranka ya daɗe, maganarka ta layi biyu gaskiya ce, kuma kamfanonin da kansu suke rubuta hakan. In aka matsa wa duk layuka tara a lokaci guda, kowanne zai samu ƙasa da 105 sosai. Abin da zan ƙara shi ne lambar da ke kusa da wayar wuta ba ita ce iyakar abin da na'urar za ta iya ja na ɗan lokaci ba. Kuma fim ba ya neman ƙololuwa a layi tara tare. Nauyin yana kan ukun gaba, musamman ta tsakiya da ke ɗauke da magana. Na silin ruwan sama ne, jirgi mai wucewa, amsa-kuwwa. Ba wa ƙaramar sifikar silin wat 200 kamar ɗaura wa keke injin tirela ne.

Game da abin da kunnenka ya ji, ban musa ba. Tambaya ɗaya: bayan an jona, an sake saitin makirfo kafin ku saurara? Sabuwar amfilifaya takan fi ta cikin risiba ɗaga sauti da ɗan kaɗan, kuma ko desibel 1 ne ya fi, kunne zai ce ya fi daɗi.

Alhaji Ɗanlami:
Ba a sake ba a ranar, sai daga baya. Amma ko bayan an sake ban ji abin ya koma yadda yake da ba. Kuma ka bar batun kunne. Shekara nawa risiba take yi kafin a ce ta tsufa? An zo da Dolby Atmos, tsarin sauti mai sifikun silin, gidaje a 2014, masu tsofaffin risibobi suka canja. Aka zo da 4K aka canja, sannan aka zo da HDMI 2.1. Ni risiba uku na canja, amfilifayar tana nan inda aka ajiye ta. Abin da ake saye sau ɗaya ba a tsuke masa hannu. Araha ba ta ado.

Malam Iliya mai gyara, Jos:
Alhaji ya taɓo abin da nake gani a teburina. Risibobin da ake kawo min, ɓangaren sifiku ba shi ne ya fi mutuwa ba, allon HDMI ne, kuma zafi ke cinye shi a hankali. Mu nan Jos da sanyinmu ma haka ne, balle ku da ke shan ranar Maris a Abuja. Saboda haka rage wa risiba kaya yana da amfani ko da kunne bai ji komai ba. Amma Abban Hanifa, kabad mai ƙofar gilashi ka sa ta. Iskar da ta fitar ita take sake shaƙa. Da ta kashe kanta, ceton kanta ta yi.

Abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonka shi ne Amurka. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. A bara wani bawan Allah ya kawo min amfilifaya mai layi biyar, sabuwa fil, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Ɗan'uwansa ya aiko masa, ya ga bakin wayar bai shiga soket ba, ya sayi adafta ya cusa. Da na buɗe murfin, warin ƙuna ya buge ni, manyan kafasitoci biyu sun kumbura kamar gwangwanin da ya lalace, ɗaya ta fashe ta fesa ruwanta a kan allo. Ko sakan biyar ba ta yi a kunne ba.

Za a ce maka ka sayi taransifomar rage wuta. Tana aiki, amma ta amfilifaya mai layi bakwai dole ta zama babba, ga nauyi, ga gurnani, ga ƙarin zafi a falo. Sannan wutarsu tana juyawa sau 60 a sakan, tamu sau 50, taransifomar da aka naɗa don 60 kaɗai takan fi ɗaukar zafi a nan. Akwai waɗanda ke karɓar kowace wuta, wasu da maɓalli a baya, wasu su gane da kansu. Kada ka yarda da baki. A ɗauko maka hoton bayan wadda za a saya, ka ga 230 da idonka. Kayan Ingila da Turai da Dubai ba su da wannan matsalar.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Ni ba gwanar sifiku ba ce, harkar sola da inbata nake yi a Utako, amma abin ya shafe ni don irin kiran da nake samu ke nan. Abban Hanifa, in an ɗauke wuta, da me falon yake aiki?

Abban Hanifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Inbata ce mai 3.5kVA da batura huɗu na ruwa. Firji da fankoki da fitilu duk suna kanta.

Maman Sadiq:
To ka sa wannan a lissafi. Manyan amfilifayoyi masu zagayayyiyar taransifoma, a daidai lokacin kunnawa sukan fizgi wuta mai yawa na ƙiftawar ido. Na je wani gida a Lokogoma, duk sanda maigidan ya danna maɓallin sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke, gida ya yi duhu. Ya ɗauka inbatar ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Ka tambaya ko wadda za ka saya tana tashi a hankali.

Na biyu, ko ana shiru irin waɗannan suna shan wuta. Mu ɗauka wat 100 take sha a zaune. Awa biyar kullum, a wata yunit 15 ke nan. Ko a Band A kake, wanda aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, kuɗin wajen dubu uku ne, ba zai karya ka ba. A batir ne abin ke ciwo. Batir mai 12V 200Ah wat 2400 na awa ɗaya yake riƙewa a takarda, kuma na ruwa rabi ake so a ci in ana son ya daɗe. Fim biyu a jere da dare, firji ne zai biya bashin da asuba.

Kuma ka tabbata inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce. Masu arahar nan da wutarsu ke fita a gutsure suna sa taransifoma kuka.

Injiniya Bashir:
Hajiya ta kawo mu kan zaɓi na gaba. Amfilifayoyin gida iri biyu ne suka fi yawa. Ajin AB shi ne tsohon hannu: babbar taransifoma, haƙarƙarin ƙarfe mai shan zafi, nauyi. Ko a takarda iyakar abin da yake mayarwa sauti kashi 78 cikin ɗari ne na wutar da ya sha, a aikace kuma ƙasa da haka sosai, sauran zafi ne. Ajin D yana kaiwa wajen kashi 90, ba nauyi, ba zafi sosai. Da can ana raina shi, ana cewa na wufa ne da mota. Yanzu labari ya canja. Hypex na ƙasar Holan, da Purifi da ICEpower na Denmak, suna ƙera allunan da kamfanoni da dama ke sawa a akwatunansu. Injiniyan nan ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, shi ya ƙera Ncore na Hypex, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Purifi. Ga mai zama a Abuja da inbata, ni ajin D zan nuna masa.

Malam Iliya mai gyara, Jos:
A nan zan rabu da kai kaɗan, Injiniya. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta buge ta fa? Ajin AB in ta ƙone, taransistoci ne da 'yan ƙananan kaya, ina iya nemo su a kasuwa ko in sa a aiko daga Legas, cikin mako ta tashi. Ajin D na zamani kayan cikinsa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, manne a allo. Sau da yawa allon gaba ɗaya ake canjawa, sai an yi odarsa daga waje da dala. Ban ce kada a saya ba, sautinsu ya burge ni. Amma wanda zai saya ya san wannan, kuma ya sa mata kariya. Sitabilaiza mai ƙaramin injin juyawa a ciki ta fi mai ƙwas-ƙwas ɗin nan da ke tsalle daga mataki zuwa mataki. Damina in an fara tsawa, a zare waya daga bango gaba ɗaya.

Nura Lugbe:
Na karɓi gyara kan ta biki. Amma don Allah sunaye fa? Duk an yi ta bayani ba a ce ga wadda za a nema ba.

Alhaji Ɗanlami:
Emotiva ta Amurka tana da jerin BasX mai layi uku da biyar da bakwai, da jerin XPA da ya fi ƙarfi, wanda ake iya sayen layi kaɗan a ƙara daga baya. Monolith na Monoprice akwai mai wat 200 kowane layi, mai nauyi ce sosai. Sai su Marantz, Rotel, NAD, Anthem, Parasound, kuɗinsu ya fi. Ko wacce ce, a bi maganar Malam Iliya a duba wutar. Kuma kuɗin kago da kilo ake biya, a tuna da kwastan.

Injiniya Bashir:
Abban Hanifa, ga roƙona. Ka ba mu kwana uku kafin ka kira mutumin Amurka. Ka fito da risibar daga kabad, ka bar mata sarari sama da gefe, ka busa ƙurar hunturu da ta taru a ramukanta. Ka shiga saitin sifiku, in dogayen suna kan Large ka mayar da su Small, ka sa iyakar da ke raba sautinsu da na wufa a 80Hz. Duk sautin da ke ƙasa da haka zai koma wufa, kuma shi ne mai cin wuta. Ka jawo sifikar tsakiya zuwa bakin kabad, ka ɗan ɗaga gabanta ta kalli kunnenka. Ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifiku, ka ja labule a tagar nan. Sannan ka sake saitin makirfo, a kafa shi daidai tsayin kunne, gida shiru, an kashe fanka.

Alhaji Ɗanlami:
Ni kuma ina da tsohuwar amfilifaya mai layi biyu a ajiye, ajin AB, wat 150. Ka aiko a ɗauka ka gwada a falonka da sifikunka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abban Hanifa:
Jama'a na dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Dogayen a Large suke, kamar yadda Injiniya ya zata. Sifikar tsakiya kuma na tura ta can cikin kabad, bayan hoton yara. Da na gyara waɗannan na shimfiɗa kafet ɗin ɗakin baƙi, magana ta fito fes. Uwargida ce ta fara lura, ta ce yau ba ta ce a mayar baya ba ko sau ɗaya. Kaushin ya ragu ƙwarai. Risibar tana kan tebur yanzu, fim biyu muka kalla jiya, da ɗumi amma hannu na zama a kanta.

Sai dai da na jona amfilifayar Alhaji a sifikun gaba, wani gurnani ya taso, uuuu, ko an rage murya yana nan. Ko ta samu matsala a hanya ne?

Malam Iliya mai gyara, Jos:
Kada ka tsorata. Ka zare wayar dish daga bayan dikoda ka saurara. In ya ɗauke, to wayar ƙasa ce ta zo ta hanya biyu, ta dish daban, ta soket daban, ɗan bambancin da ke tsakaninsu ne kake ji. Ka haɗa risiba da amfilifaya da dikoda a soket guda, in bai tafi ba akwai ƙaramar na'urar rabawa da ake sa wa wayar dish, amma ka nemi wadda aka yi don dish. Abin da ba na so ka yi shi ne karya dogon haƙorin filogi na sama. Wasu haka suke yi, gurnani ya tafi, amma ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen, ta jikin wanda ya taɓa za ta bi, kuma kana da yara.

Abban Hanifa:
Wayar dish ce, Malam. Ina zarewa ya yi tsit.

Na sake saitin makirfo da amfilifayar a jone, kamar yadda Injiniya ya nace. Na sa ƙanena yana canja wayoyi ina zaune ban san wacce ke aiki ba, yana mayar da saitin kowacce. A -20 wallahi na kasa bambancewa. A -10, a wurin da jirgi ke faɗowa ana harbi, na gane ta Alhaji sau huɗu cikin biyar. Ba ta fi ƙara ba, amma sautin bai matse ba. Na fahimci abin da Alhaji yake nufi da natsuwa.

Injiniya Bashir:
Wannan ya yi daidai da lissafin. A -10 sifika mai om 4 tana neman wat 60 zuwa sama, kuma tana jan wuta ninki biyu na mai om 8, ga sauran layuka bakwai na ɗiba daga tukunya guda. To shawarata mai layi uku: hagu, tsakiya, dama. Saura takwas risiba ta riƙe, tana da tara. Ka duba littafinta a sashen rabon layuka, ka zaɓi tsarin goma sha ɗaya, ka nuna mata cewa na gaba a waje suke.

Wajen zaɓe ka dubi ƙarfinta a om 4, duk layuka na aiki, daga sauti mafi kauri na 20Hz zuwa mafi siriri na 20,000Hz. Ka dubi yawan abin da take buƙata daga risiba ta kai ƙarshen ƙarfinta. Da yawa suna ninka abin da aka ba su sau 28, wato desibel 29. Wat 200 a om 8 bolt 40 ne, saboda haka wajen bolt 1.4 take nema, kuma risibobi irin taka suna iya wannan. In ka ga mai neman fiye da bolt 2, ka dakata mu duba tare. Ta kasance da ramukan jona waya irin na RCA, don risibarka ba ta da irin na XLR. Da ramin TRIGGER na bolt 12, siririyar waya ce da za ta sa ta kunnu ta mutu tare da risiba, kada ta kwana tana shan batir.

Alhaji Ɗanlami:
Na ji daɗi da ka ji da kunnenka. Amma ni da ni ne, mai biyar zan ɗauka. Gobe za ka canja na gefe ka sa manya, ko ka koma gida mai falo babba, ka dawo kana neman ƙari. Bambancin kuɗin uku da biyar bai kai sayen wata sabuwa ba.

Injiniya Bashir:
A wasu jerin, Alhaji, akwatin da taransifomar kusan ɗaya ne, mai uku ta fi mai biyar ƙarfi a kowane layi. Shi kuma a gaba yake buƙatar ƙarfin. Ragowar kuɗin in ya sa a wufa ta biyu da labule mai kauri, kowa a falon zai ji bambanci, har wanda ke zaune a gefe.

Abban Hanifa:
Na tsaya a kan mai uku. Na kira mutumin na ce ya dakata sai na tura masa suna, kuma kada ya biya sai ya turo hoton bayanta. Tsakanin AB da D ne har yanzu zuciyata ke rawa, maganar Hajiya na ja na nan, ta Malam Iliya na ja na can. Kafinta zai zo ranar Litinin ya cire bayan kabad ɗin ya buɗe samansa, don uwargida ta ce risiba ba za ta zauna a teburin cin abinci ba.

Alhaji, in ba damuwa zan riƙe taka zuwa Asabar mai zuwa, in kawo da kaina bayan la'asar.

Alhaji Ɗanlami:
Riƙe ta har taka ta iso, ba abin da take yi a nan. In za ka zo ka taho da faifan fim ɗin jirgin nan, mu ji shi a mai bakwai.

Maman Sadiq:
Kafin ka yanke tsakanin biyun, turo min hoton takardar da ke manne a jikin inbatar, da shekarar da aka sa baturan. In sun haura shekara uku lissafin zai canja.